Zakin Narniya da Teburin Dutse: Me Yaranmu Suke Karantawa?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawara daga waɗanda suka fi ni sanin littattafan Turawa. Makarantar da 'yata take zuwa ta ba 'yan ajinsu littafin hutu, wanda C. S. Lewis ya rubuta a kan wasu yara huɗu 'yan uwan juna da suka shiga kabad ɗin tufafi suka ɓulla wata ƙasa mai suna Narniya. Jiya da dare aka ɗauke wuta, sai na kunna fitilar waya na ce ta karanta mini, domin in ji yadda Turancinta yake. Ta kai wurin da aka ɗaure zaki a kan wani teburin dutse, aka aske masa geza, aka sa masa takunkumi ana yi masa dariya, sa'an nan aka soke shi saboda laifin da wani yaro ya yi, da gari ya waye kuma sai ga shi ya tashi da ransa. Ita dai kuka ta yi, amma ni jikina ya yi sanyi, domin na gane labarin da ake ba ta a fakaice. Shekararta goma sha ɗaya. In karɓe littafin ne, ko in bar ta ta ƙarasa?

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam, Baban Hafsa. Abin da ka gane ɗin haka yake, kuma marubucin bai taɓa ɓoye shi ba. An haifi Lewis a Belfast a 1898, ya bar addini tun yana saurayi, ya yi shekaru yana musun samuwar Allah, sa'an nan ya koma Kiristanci a 1931 lokacin da yake koyarwa a jami'ar Oxford, bayan wata doguwar hira ta dare da abokansa biyu, ɗayansu shi ne marubucin nan J. R. R. Tolkien. Littattafan Narniya guda bakwai ne, sun fito tsakanin 1950 da 1956, kuma wanda ke hannun 'yarka shi ne ya fara fitowa. Abin da ya kamata a sani shi ne, shi da kansa ya ce bai zauna da niyyar naɗe wa'azi a cikin tatsuniya ba. Ya ce labarin ya faro ne daga wani hoto da ya daɗe a zuciyarsa tun yana ɗan shekara goma sha shida, na wata halitta rabinta mutum rabinta akuya tana tafe cikin dusar ƙanƙara da laima a hannu, zakin kuwa daga baya ya shigo. Ya kuma ƙi yarda a kira littafin labarin misali, irin wanda kowane mutum a ciki yake tsaye a madadin wata ɗabi'a. Tambayar da ya ce ya yi wa kansa ita ce, idan akwai wata duniya ta dabbobi masu magana, kuma Almasihu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi ya zo mata, da wace siffa zai zo, me kuma zai faru. Saboda haka ban ga amfanin mu ce wa juna babu addini a ciki ba. Akwai shi, kuma shi ne ƙashin bayan labarin.

Malamin Islamiyya:
Allah Ya saka da alheri, Malama, da ba ki rufe mana gaskiya ba. Ni ban karanta littafin da kaina ba, amma bisa bayanin da aka yi, matsalar ba ta tsaya a kan zaki mai magana ko matsafiya ba, domin mu ma da gizo da ƙoƙi da dodo muka tashi, ba mu kuma zama bokaye ba. Matsalar ita ce aƙidar fansa, wato a kashe wanda bai yi laifi ba domin a wanke mai laifi. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, daga cikinsu akwai An'am da Isra'i da Faɗir, cewa babu rai da zai ɗauki nauyin zunubin wani, kuma a cikin suratun Nisa'i an kore cewa an kashe Annabi Isa, alaihis salam, ko an gicciye shi. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya ba za ta yi jayayya da hujja ba, amma abin da ya sa ta kuka yakan zauna a zuciya fiye da abin da aka haddatar da ita.

Kawu na Wusasa:
Ina gaishe ku duka, musamman Malam. Ni Kirista ne, Bahaushe, kuma na karanta waɗannan littattafai ina yaro, na sake karanta wa jikokina su. Ba zan yi wa Baban Hafsa ƙarya ba don in samu a karanta littafin da nake so. A wurinmu zakin nan ba ya buƙatar fassara, domin a Littafi Mai Tsarki ana kiran Yesu Zakin kabilar Yahuza, kuma a ƙarshen littafin da ya fito a 1952, mai labarin tafiyar jirgin ruwa, yaran sun tarar da ɗan rago a bakin teku ya shirya musu gasasshen kifi, sai ragon ya rikiɗa ya zama zakin, ya gaya musu cewa a duniyarsu yana da wani suna dabam wanda ya kamata su san shi da shi. Wanda ya san Linjilar Yahaya ya san daga ina wannan kifi ya fito. Haka nan, a littafin da ke hannun Hafsa, 'yan mata biyu daga cikin yaran huɗu da suka raka shi cikin dare, suka zauna wurin gawarsa har asuba, suka kuma riga kowa ganinsa da rai, suna tuna mana matan da suka je kabari da sassafe. To, wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen kuwa shi ne, ni da nake zuwa coci kowace Lahadi, sai da na kai shekara goma sha biyar kafin na haɗa zakin da abin da ake karanta mana, kuma wani ne ya nuna mini. Abin da ya zauna mini a lokacin yarinta shi ne alewa.

Maman Sadiq:
Kawu, wace alewa kuma?

Kawu na Wusasa:
Alewar Turkiyya, 'yata, wadda matsafiyar labarin ta ba Edmund, yaron da aka soke zakin saboda laifinsa, a haɗuwarsu ta farko. Wannan shi ne wurin da nake ganin Lewis ya san halin yaro sarai. Bai sa Edmund ya ci amanar 'yan uwansa don wani babban dalili ba. Yaro ne mai jin haushin wansa Peter domin kullum shi ke yi masa faɗa, mai jin daɗin tsokanar ƙanwarsa Lucy, sai ga wata mace mai kwarjini ta zaunar da shi kusa da ita, ta lulluɓe shi da mayafinta, ta ba shi abin sha mai ɗumi da alewa, ta yi masa alkawarin sarauta a kan yayyensa. Yana ci yana zuba mata labarin gidansu, bakinsa duk ya yi danƙo. Daga nan ya dawo gida, kuma maimakon ya gaskata ƙanwarsa da ake cewa ta yi ƙarya, alhali shi ma ya ga ƙasar da idonsa, sai ya ce wasa kawai suke yi. Wannan ƙaryar ta fi ba ni tsoro a kan duk dodannin da ke cikin littafin, domin na san na taɓa yi wa ƙanena irinta. Da ya koma wurin matar yana neman ƙarin alewa kuwa, busasshen burodi da ruwa aka miƙo masa. Ban san addinin da zai ƙi a nuna wa yaro cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne ba.

Malamin Islamiyya:
Babu wanda zai ƙi wannan, Kawu, kuma na gode da yadda ka yi magana a fili. Sai dai tarbiyya da aƙida a cikin littafi ɗaya suke, ba a sayar da su daban-daban.

Malamar Adabi:
Gaskiya ne, Malam, amma bari in ƙara wani abu a kan yadda aka yafe wa Edmund, domin a nan ne nake ganin abubuwa biyu suka haɗu waɗanda za a iya rarrabewa. Bayan an ceto shi, zakin ya ja shi gefe da sassafe suka yi magana su biyu, kuma marubucin bai gaya mana ko kalma ɗaya daga abin da aka faɗa ba. Da ya dawo da shi wurin 'yan uwansa, abin da ya nuna musu shi ne babu buƙatar a tayar da abin da ya wuce. Yaron ya ba kowa hannu ya nemi gafara, aka wuce wurin. Duk lokacin da na karanta wannan, Annabi Yusuf nake tunawa a ranar da ya ce wa 'yan uwansa babu zargi a kansu. Fansar da Malam yake magana a kai ta zo ne bayan wannan, da matsafiyar ta zo tana cewa bisa wata tsohuwar doka da aka rubuta a jikin teburin, jinin duk maci amana nata ne. Ko a cikin malaman Kirista akwai masu ganin wannan siffa ta fansa, wadda ake biya wa maƙiyi haƙƙinsa, tsohon fahimta ce ta wasu magabatan coci, ba ita ce kowace ɗarika take koyarwa ba. Kawu zai gyara mini idan na yi kuskure. Abin da nake nufi shi ne, uba zai iya tsayawa a wannan babi ya ce wa 'yarsa, ga abin da marubucin ya yi imani da shi, ga kuma abin da mu muka yi imani da shi, cewa tuban yaron da gafarar Ubangiji sun wadatar.

Ɗalibi daga Maraɗi:
Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni da Faransanci na karanta dukan bakwai ɗin, kuma ina mamakin yadda ba a ambaci abin da ya fi ci mini rai ba. A littafin 1954, mai labarin doki da yaronsa, da kuma na ƙarshe na 1956, akwai wata daula a kudancin Narniya, bayan hamada, mai suna Kalormen. Mutanenta masu duhun fata ne, suna naɗa rawani, suna rataya lanƙwasassun takubba, suna cinikin bayi, suna yi wa 'ya'yansu mata auren dole, kuma duk lokacin da aka ambaci sarkinsu sai a bi da addu'ar ya rayu har abada. Mutanen Narniya kuwa farare ne, 'yantattu, masu faɗin gaskiya. Ina karantawa ina duban rawanin kakana da ke rataye a ɗaki, kuma na san a wane ɓangare marubucin zai ajiye ni. Ko addu'ar da ake yi wa sarkin nasu don a ba mai karatu dariya, ai ba ta da nisa da "ranka ya daɗe" da muke faɗa wa manya kullum ba tare da mun ɗauke shi abin dariya ba. Fansa aƙidar wani ce, zan iya karantawa in wuce. Wannan kuwa siffata ce aka zana.

Kawu na Wusasa:
Ɗana, ba zan kare wannan ba, domin ni ma kakana da rawani na san shi. Lewis mutumin zamanin daular Ingila ne, ya ɗauko kayan adon mutanen nan daga hoton Gabas da Turawa suka samu a labaran Dare Dubu da Ɗaya, ya jibga wa miyagun labarinsa. Abu ɗaya kawai zan gyara: addinin da ya ba su ba Musulunci ba ne, domin gumaka da yawa suke bauta wa, babbansu Tash, mai kan tsuntsu da hannuwa huɗu, wanda ake yanka masa mutane. Amma na yarda cewa yaro tufafi yake gani kafin ya ga tauhidi.

Malamar Adabi:
Ƙorafin ɗalibinmu ba sabo ba ne, Turawan ma sun yi shi, kuma wanda ya fi tsananta shi shi ne marubucin Ingila Philip Pullman, wanda ya rubuta nasa littattafan uku tsakanin 1995 da 2000 da ruhin da ya saba wa na Lewis gaba ɗaya. Sai dai adalci ya sa a ambaci mutum biyu daga cikin Kalormen ɗin. Akwai Aravis, yarinyar da ta gudu daga auren dole, wadda ita ce jarumar littafin 1954 tare da yaron, daga baya ma ta zama sarauniya. Akwai kuma Emeth, wani matashin soja a littafi na ƙarshe, wanda sunansa a Ibrananci yake nufin gaskiya. Ya bauta wa Tash duk tsawon rayuwarsa da zuciya ɗaya, yana ƙin sunan zakin, amma da ya haɗu da shi a ƙarshen labarin, sai zakin ya karɓe shi, ya bayyana masa cewa duk alherin da ya aikata da gaskiya, ko da sunan wa ya yi shi, shi ne ya karɓa, duk muguntar da aka aikata da sunansa kuwa ba tasa ba ce. Wannan babi ya jawo wa Lewis suka daga wasu Kiristoci har yau, domin suna ganin ya buɗe ƙofar tsira ga wanda bai yi imani ba.

Ɗalibi daga Maraɗi:
Na san Emeth, Malama, kuma ina son sa. Amma ki lura cewa mutumin kirki a cikinsu sai ya bar mutanensa, ko a nuna ashe tun farko ba nasu yake bauta wa ba, kafin a karɓe shi.

Malamin Islamiyya:
Wannan magana ta yaron nan tana da nauyi. Game da Emeth kuwa, malamanmu ma sun daɗe suna tattauna hukuncin wanda saƙo bai isa gare shi ba, kuma ayar suratul Isra'i ta nuna ba a azabtarwa sai an aiko manzo. Ban ce mas'alar ɗaya ce ba, amma na ga marubucin ya damu da tambayar da mu ma muka damu da ita, kuma ban zaci haka daga gare shi ba.

Maman Sadiq:
Ni tambayata ta fi sauƙi. Shin dole ne littafin yara na irin wannan ya ɗauki addini a fili haka? Ɗana yana son labarin Tolkien na ɗan guntun mutumin nan da ya je satar dukiyar dodo, kuma ban ga coci ko addu'a a ciki ba.

Malamar Adabi:
Ba za ki gani ba, Maman Sadiq, domin da gangan ya cire su. Tolkien ɗan Katolika ne mai riƙo sosai, ya fi Lewis daɗewa a cikin addini, amma bai ji daɗin Narniya ba ko kaɗan, kuma ya faɗa a rubuce cewa ba ya son labarin misali. Littafin da ɗanki yake so ya fito a 1937. A wata wasiƙa ta 1953 ya ce babban littafinsa na zobe aiki ne na addini tun daga tushe, shi ya sa ma bai sa ibada a fili ba, ya bar ma'anar ta narke a cikin labarin. Misalin da ya fi fitowa shi ne lokacin da Bilbo, ɗan guntun mutumin nan, yana sanye da zoben da ke ɓoye shi, da wuƙa a hannu, ya samu damar kashe wata halitta mai suna Gollum a cikin duhun kogo, sai tausayi ya kama shi ya tsallake shi ya wuce. Shekaru da yawa bayan haka, wannan rai da aka bari shi ne ya zama sanadin halakar zoben a lokacin da jarumin babban littafin, wanda ba Bilbo ba ne, ya kasa jefa shi da kansa. Babu wanda ya tsaya ya yi wa'azi, amma an nuna maka rahama da ƙaddara suna aiki tare. Mu ma muna da irin wannan zaɓi a gida, domin Abubakar Imam ya ɗauko labarai daga Gabas da Turai ya sa su a bakin aku a Magana Jari Ce, ya sauya musu riga da ɗabi'a har yaron Katsina ya ɗauka a bayan gidansu aka yi su. Kowane mai ba da labari da inda yake tsaye, bambancin shi ne wani yana nuna maka ƙafarsa, wani kuma ya rufe ta da babbar riga.

Kawu na Wusasa:
Kafin a rufe zancen Lewis, ina so Baban Hafsa ya san wani babi daga littafin 1955, domin shi ne na fi so. Wani yaro, Digory, mahaifiyarsa tana kwance rai a hannun Allah, aka aike shi ya ɗebo tuffa daga wani lambu ya kawo ba tare da ya ci ba. Matsafiyar ta tare shi ta ce ya sace ta ya kai wa uwarsa ta warke, babu wanda zai sani. Yaron ya ƙi, yana ganin kamar da hannunsa ya zaɓi mutuwarta, kuma sai bayan ya cika amanar aka ba shi wata tuffar da izini. Mahaifiyar Lewis ta rasu da ciwon daji a 1908, yana ɗan shekara tara. Ya ba yaron littafinsa abin da shi bai samu ba.

Baban Hafsa:
Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Ban karɓe littafin ba. Bayan sallar isha'i na zaunar da ita, na gaya mata wane ne marubucin da abin da zakin yake nufi a wurinsa, na karanta mata ayar da Malam ya ambata, ta ce ai an koya musu ita a Islamiyya. Na yanke cewa littattafan da ɗalibinmu ya yi magana a kansu ba za ta karanta su ita kaɗai ba, sai muna tare. Amma ta yi mini wata tambaya da ban iya amsawa ba. Ta ce a ƙarshe 'yan matan sun yi gardama a kan ko a gaya wa Edmund abin da aka yi dominsa, babbar ta ce kada a faɗa masa domin zai yi masa nauyi, ƙaramar ta ce ya kamata ya sani, sai aka katse su. Tana so ta san ko an taɓa gaya masa.

Kawu na Wusasa:
Ka ce wa Hafsa marubucin bai nuna ranar da aka gaya masa ba. Amma a littafin jirgin ruwa akwai wani ɗan uwansu, Eustace, wanda ya kwana a kan dukiyar dodo da haɗama a ransa ya farka ya zama dodo, ya yi ta saɓule fatarsa har sau uku tana dawowa, sai da zakin ya sa farce ya yage ta. Da ya dawo mutum, Edmund ne ya fara haɗuwa da shi da asuba, kuma da Eustace ya nemi gafara, Edmund ya gaya masa cewa shi wauta kawai ya yi, amma shi Edmund amana ya ci, ya kuma ambaci zakin a matsayin wanda ya cece shi. Ta duba babi na bakwai idan kun kai can.